Ranar da Buba Ya Gasa Ragon Ruwa

Wata biyu ke nan da labarin rasuwar Buba ya iso mini, amma har yau in na hura wuta na ga harshenta ya kwanta, sai in ga tafin hannunsa a saman garwashi. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa can ta fi masa nan. Abin da ya faru a wani rani can baya zan faɗa, yadda na tuna shi.

Lokacin ina zawarci a gidan ubana, Malam Isa, a wani ƙauyen masunta gabas da Kirikasamma. Mijina na fari ɗan'uwana ne, ruwa ya ci shi shekara biyu kafin nan. Zamanin Turawa ne, jirgin ƙasa bai daɗe da fara bi ta Birniwa ba, bandar kifi ta yi daraja, ana ɗaure ta a kwanduna ana kai ta Kurmi, can kudu. Aikina ke nan, banda da gashi, a bayan gidanmu inda danga ta kusa taɓa bakin kogi.

Buba kuwa Bafillatani ne. Duk rani in ruwa ya ja baya sukan sauko fadama da shanunsu, in damina ta kawo kai su tashi. Ya ce yana sona, na ce ina sonsa. Ban da mu biyu, babu wanda maganar ta yi wa daɗi.

Wata rana da safe Baba ya kira ni, yana zaune yana ɗinkin komar kamun kifi.

"Barira, zauna. Na ji abin da ake faɗa."

Na zauna, kaina a ƙasa.

"Mutanen nan in sun wuce ƙofar gidana sai su ja rawani su toshe hanci. Uwarsa in ta kawo tallar nono ba ta yarda ƙwaryarta ta taɓa tamu. Kifi a wajensu ƙazanta ne. Cikinsu kike so ki shiga? Ki haifa mini jikokin da za su ce kakansu yana ƙarni?"

"Shi ba ya toshe hanci, Baba."

"Ai nema yake. Mai neman aure ko hayaƙin barkono ya shaƙa cewa zai yi turare ne."

Hawaye suka zubo mini, ban share ba.

"Ga Gambo nan," in ji shi. "Tun daga Haɗeja yake tako keke saboda ke. Dillalin banda ne, ya san darajar abin da muke yi. Me ya rasa?"

"Bai rasa kome ba, Baba. Zuciyata ce ba ta wajensa."

Ya ci gaba da jan zare.

"Ke bazawara ce, ba zan ɗaura miki wanda ba ki so ba. Amma ke ma ba za ki ɗaura mini surukin da ya raina ni ba. Ki gaya masa, Juma'a ta sama da la'asar ya zo da babbansa. Zan kamo ragon ruwa. Ya gasa shi a bayan gidan nan da hannunsa, tun daga wanki har saukewa. In ya yi yadda ake yi a gidan nan, na ba shi ke. In bai yi ba, kada in ƙara jin sunansa."

Na san abin da Baba yake tunani. Ya ɗauka Buba ba zai zo ba.

Kwana tara ne tsakani.

*

Gwaggo 'Yar'azumi ƙanwar Baba ce, ita ta raine ni bayan rasuwar uwata. Uwarsu Babarbariya ce, don haka duk Bafillatanin da ta gani abokin wasanta ne. Ita na fara kai wa kukana.

"Share hawayenki," in ji ta. "Kwana tara ya isa a koya wa jaki gashi. Bafillatani dai ban sani ba. Ki ce ya riƙa zuwa da hantsi lokacin da ubanki yake kan ruwa. Ina zaune a wurin, babu mai cewa kome."

Washegari da hantsi Buba ya bar shanu wajen 'yan'uwansa a mashaya, ya zo ta bayan danga. Ya cika gaban rigarsa da wani abu, ya zube mana a ƙasa yana murmushi. Busasshen kashin shanu ne.

"Na kawo makamashi," ya ce.

Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Kai bawana, da wannan za ka gasa wa yayana kifi? To ai gara ka kai masa saniyar ya lasa."

"Gwaggo, da shi muke dafa kome."

"Shi ya sa ba ku da nama a jiki."

Na kwashe na zubar, na nuna masa tarin itacenmu. Na ce kifi yana shan hayaƙi kamar yadda tsumma ke shan ruwa, duk abin da ka ƙona a ƙarƙashinsa sai an ji shi a baki. Kirya ta fi, garwashinta yana daɗewa. In babu, bagaruwa. Ban da tumfafiya, tana sa ɗaci. Ban da ɗanyen itace.

Ya hura wutar a ramin gashi, ta kama da kyau, ya miƙa hannu zai ɗauki kifi. Na tare shi.

"Ba a gashi a kan harshen wuta. Sai ya kwanta, garwashi ya yafa farar toka. Harshe ƙona waje yake yi, ya bar ciki ɗanye."

Muka zauna muna jira, rami a tsakaninmu. Ni dai kallon wutar nake yi don kada in kalle shi, amma na san inda idonsa yake.

Da ta kwanta na nuna masa yadda ake tura yawancin garwashin gefe guda, a bar ɗaya gefen da kaɗan, don kifi ya sami wurin gudu in zafi ya yi yawa. Sannan na koya masa awon zafi yadda uwata ta koya mini.

"Ka sa tafin hannunka sama da garwashi kamar taƙi ɗaya, ka karanta Ƙulhuwa. In hannunka ya gudu kafin ka kai rabi, wuta ta yi yawa. In ka gama ka koma farko bai gudu ba, ta yi sanyi. Wadda ake so ita ce wadda za ta kore ka daidai ƙarshen sura."

Ya sa hannu. Bakinsa yana motsi. Na jira, na jira, hannu bai motsa ba. Fuskarsa ma ba ta canza ba.

"Na karanta sau uku," ya ce. "Ta yi sanyi ke nan?"

Na fizge hannun. Tafin ya yi ja, har ya fara tasowa.

"Ka ga mahaukaci," in ji Gwaggo. "Wa ya gaya maka sharo ake yi? Nan ba a neman jarumi. In ta cije ka ka gudu, gudun shi ne awon."

"A gaban Barira zan janye hannu?"

"A gabana za ka janye," na ce. "In ba ka koyi jin zafi ba, ba za ka same ni ba."

Na shafa masa man shanun da ya zo mana da shi tsaraba. Ranar ce na fara riƙe hannunsa, ban kuma so in saki ba, sai da Gwaggo ta yi gyaran murya.

*

Da karfasa muka fara, ita ce mai sauƙi. A kwana na huɗu muka koma tarwaɗa, don jikinta ya fi kama da na ragon ruwa, ba ɓawo, sai santsi.

Ranar da ya fara taɓa tarwaɗa na ga tsikar jikinsa ta tashi har wuya. Na nuna masa yadda ake murje ta da toka har yauƙin ya fita, a ɗauraye, a cire ciki ban da fasa matsarmama, a bar ta ta tsane. Jiƙaƙƙen kifi ba ya gasuwa, dahuwa yake yi. A tsaga jikinsa a karkace har wuƙa ta ji ƙashi, a cusa gishiri da yaji da citta a cikin tsagar. Ƙuli-ƙuli sai daga baya, in an sa da wuri ƙonewa yake.

Ɗanyun sandunan giyayya muke jerawa a bakin ramin, a shafe su da man gyaɗa don kada fata ta manne. Buba ne ya ce a gwada man shanu. Gwaggo ta ce ɓarna ce. Da ta ɗanɗana sai ta ƙara ɗiba.

"To, ashe akwai abin da kuka sani ban da bin bayan saniya."

Abin da ya fi ba shi wuya haƙuri ne. Ya saba da gashin nama, a juya nan a juya can. Kifi uku ya wargaza mini, suka zube cikin toka.

"Kifi ba nama ba ne, Buba. Sau ɗaya ake juya shi. In ka taɓa ka ji ya riƙe sanda, bai shirya ba, ƙyale shi. Da kansa zai saki."

"In bai saki ba fa?"

"Zai saki. In ka ja shi da ƙarfi, rabi za ka samu."

Ya dube ni ya ce, "Haka zan yi da Baba ke nan."

Sai maganar ci. Tun da aka haife shi bai taɓa sa kifi a baki ba. Na ce wanda bai san ɗanɗanon abu ba ba zai san gishirinsa ba. Ya karɓa, ya tashi ya koma gindin danga, ya juya mana baya. Loma ɗaya ya yi ta dawo. Washegari ya yi biyu. Rana ta shida ya cinye karfasa guda, ya dawo da ƙayarta a hannu ya nuna mini kamar wanda ya kashe kura.

Kullum sai ya juya baya. Mu kuwa dariya muke yi masa. Gwaggo ta ce tsoro yake kada mu ga yadda yake yatsine fuska.

*

Ana jibi Juma'a ya zo a makare, idonsa ja. Ko wuta bai hura ba, ya tsuguna ya dafa sandarsa.

"Inna ta kwana biyu ba ta ci abinci ba," ya ce. "Ta ji ƙarni a rigata. Ta ware mini ƙwaryata daban."

"Saboda ni."

"Saboda ni ne, Barira. Ni na zo."

"Bappanka fa? Zai zo?"

Bappa Bakari ƙanin ubansa ne, shi ke riƙe da rugarsu tun rasuwar uban.

"Zai zo, don na roƙe shi a gaban manya. Amma ya ce in ba a ba ni ba, da ruwan farko za mu yi gabas, ƙasar Barno. Ya ce ba za mu ƙara saukowa fadamar nan ba, ko ciyawarta ta zama zinariya."

Na zauna a kan turmi.

"In ka tafi, ina zan neme ka? Ku da ba ku da ƙofar gida?"

"Kada ki yi kuka."

"Bari in yi. Na yi takaba sau ɗaya, na san yadda take. Wancan na ga gawarsa, na haƙura. Kai kuwa kana raye za ka ɓace mini, kullum in ji kukan shanu in fito in duba."

"Ba zan ɓace ba. Na iya wuta, na iya wanki, na iya juyi. Me ya rage?"

Na yi tunani. Na bi aikin tun daga itace har saukewa, ina lissafawa da yatsu. Na gaya masa in mai ya ɗiga wuta ta tashi, kada ya hura, kada ya zuba ruwa da yawa toka ta tashi ta ɓata kifin, ya ja shi gefen sanyi ya barbaɗa toka a kan garwashin. Na gaya masa in yana so ya san ya nuna, ya ja ƙayar baya, in ta fito salin-alin ya yi. Na gaya masa in ya sauke ya bar shi ya huta kaɗan kafin a taɓa, ruwan jikinsa ya koma ciki.

"Babu abin da ya rage," na ce.

Wallahi haka na ɗauka.

*

Ranar Juma'a Baba ya shigo da ragon ruwa mai tsawon hannu tun daga kafaɗa. Da la'asar aka shimfiɗa tabarmi a bayan gida. Maƙwabta uku suka zo. Gambo ma ya zo, ba wanda ya kira shi, ya jingine kekensa inda kowa zai gani. Ni da Gwaggo muka tsaya bayan zana muna leƙe.

Bappa Bakari dogo ne, siriri, fari. Ya gaisa da Baba yadda ya kamata, ya ɗauki buzunsa ya koma can inda iska ba ta kai hayaƙi.

Buba ya naɗe hannun riga ya fara.

"Ɗan Fulani, a yi hankali," in ji Gambo. "Wannan ba a tatsarsa."

Aka yi dariya. Buba bai ɗaga kai ba. Ya murje kifin da toka, ya ɗauraye, ya cire ciki, matsarmama ta fito lafiya. Ya rataye shi ya tsane, ya koma kan wuta. Ya zaɓi kirya daga cikin tarin. Na ga Baba ya lura da wannan.

Da harshe ya kwanta ya sa hannu, bakinsa yana motsi, ya janye da sauri yana yarfewa. Ya jira kaɗan, ya sake. A na biyu ya kai ƙarshe.

"Addu'a yake yi," in ji Gambo. "Ai ya kamata."

"Awo yake yi," in ji Baba, bai dubi Gambo ba.

Gwaggo ta mintsine ni.

Ya ɗora kifin, ya tsuguna, ya haɗa hannayensa a baya don kada su yi masa gaggawa. Ƙamshin man shanu da citta ya cika wurin. Can mai ya ɗiga, wuta ta tashi. Ya ja sandunan gefen sanyi a hankali, ya barbaɗa toka, ta kwanta, ya mayar.

Ya taɓa sau ɗaya, kifi ya riƙe, ya ƙyale shi. Ya taɓa na biyu, ya saki. Ya sa sanduna biyu ya juya shi gaba ɗaya, ko fata ba ta yage ba. Jikin ya yi ja kamar tukunyar da ta sha wuta. Ɗaya daga cikin maƙwabta ya ce, "Kai, madalla."

Ya barbaɗa ƙuli-ƙuli. Ya ja ƙayar baya ta fito. Ya sauke a kan faifai, ya jira, sannan ya kai gaban Baba ya durƙusa.

Baba ya daɗe yana duban kifin. Ya danna da yatsa. Ya sunkuya ya shaƙa.

"Shekara arba'in ina cin gashi," ya ce. "Wannan gashi ne."

Na rufe bakina da zane don kada a ji kukana. Gwaggo ta fara gyara maƙogwaro za ta yi guɗa.

Sai Baba ya yi bisimilla, ya ɓalli tsokar bayan kai, wadda ta fi ko'ina daɗi, ya miƙa wa Buba.

"Ci."

A gidanmu mai gashi shi ke fara ci, a gaban mai gida, kafin kowa ya sa hannu. Haka na tarar ana yi, haka nake yi kullum tun ina yarinya. Ban taɓa ɗaukarsa wani abin da ake koya wa mutum ba, kamar a ce a koya maka haɗiye yawu. Na bi aikin da yatsu tun daga itace har saukewa, na tsaya a nan.

Buba ya sunkuyar da kai. Hannunsa bai motsa ba.

"Ci mana," in ji Baba. "Naka ne."

Bai karɓa ba.

Sai a lokacin na gane juya bayan da yake yi mana a gindin danga. Ba yatsina yake ɓoyewa ba.

Bappa Bakari ya yi magana daga inda yake, a hankali.

"Malam Isa, a wajenmu yaro ba ya tauna a gaban babba, balle a gaban wanda yake neman 'yarsa. In ya ci a gabanka, ya raina ka."

"A wajenmu in bai ci ba ya raina ni," in ji Baba. "To kai ai babba ne. Ga shi, bisimilla, kai ka ci a madadinsa."

Bappa Bakari ya kau da kai, hannunsa ya kai ga bakin rawani ya ja shi sama kaɗan. Wataƙila bai ma san ya yi ba. Amma kowa ya gani.

"Kun gani," in ji Baba. Muryarsa ba ta tashi ba. "Ƙyama ce, kunya ake kiranta in an zo gabana."

"Ai an yi ƙoƙari," in ji Gambo. "Taɓawa daban, haɗiyewa daban."

Ban san lokacin da na fito daga bayan zana ba. Gwaggo ta kama zanena, na fizge. Na zube a gaban Baba, a gaban maza, abin da ban taɓa yi ba.

"Baba, yana ci. Wallahi yana ci, na gani da idona, Gwaggo ma ta gani. Kunyarka yake ji. Ka juya fuskarka kaɗan kawai, Baba. Ka dubi danga, ka ga in bai cinye ba."

"In juya baya a gidana don a ci abincina?"

"Kaɗan kawai."

"Barira, abin da nake so in gani ke nan. Gashi ko bawa ya iya. So nake in ga kifina ya shiga bakinsa. Shi za ki ce in kau da ido a kansa?"

Na juya wajen Buba.

"Buba, don Allah. Loma ɗaya. Ka rufe ido ka ɗauka babu kowa."

Ya ɗago ya dube ni. Gumi yana zuba daga goshinsa. Mutumin da ya bar hannunsa a kan wuta har ya karanta Ƙulhuwa sau uku. Ya dubi Baba, ya dubi bappansa. Ya miƙa hannu biyu ya karɓi tsokar, kamar yadda ake karɓar kyautar babba. Ya ɗaga ta har ta kusa haɓarsa.

Ta tsaya a nan.

Ina jin kukan tsuntsayen bakin ruwa. Ina ganin tururin kifin yana raguwa a kan faifai.

Bappa Bakari ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya faɗi kalma biyu da Fillanci. Ya yi wa Baba sallama, ya fita ta ƙofar danga.

Buba ya ƙara sunkuyawa har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

"Ka gafarce ni, Baba," ya ce.

Ya tashi ya bi bayan bappansa, tsokar tana rufe a hannayensa.

"Karnukan bakin kogi sun sami rabo yau," in ji Gambo.

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya jawo wani faifan ya rufe kifin.

*

Na tashi da gudu na bi ta bayan rumbu, can ƙarshen danga inda awaki suka yi ɓaraka. Daga nan ana hango mashaya.

Bappa Bakari ya yi nisa, ya kusa kai wa shanu. Buba bai bi shi ba. Ya ratse gindin wata giyayya a bakin ruwa, ya tsuguna, ya juya wa gari baya. Ya duba dama, ya duba hagu. Sai na ga hannunsa ya tafi bakinsa.

Yana ci, kafaɗunsa suna girgiza. Bai yi gaggawa ba. Ya ci, ya tsaya ya share ido da gefen hannu, ya ci gaba.

Na koma da gudu har zanena yana harɗe ni.

"Baba, yana ci. Ga shi can gindin giyayya yana ci. Ka zo ka gani, don girman Allah ka zo ka gani."

"Ke dai ba ki gajiya," in ji Gambo.

"Yi mana shiru, mai keke," in ji Gwaggo daga bayan zana. "Yaya, ka tashi. 'Yarka ce take roƙonka. Tafiya ce ba ta kai jifa ba."

Baba ya dube ni. Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Ya miƙa hannu aka ba shi sandarsa.

Gwiwarsa ta dama ta daɗe da lalacewa, sanyin ruwa ya cinye ta. Sai da ya dafa ƙasa, ya dafa kafaɗar maƙwabci, sannan ya miƙe. Ya fara takawa. Ina gaba ina dawowa, ina gaba ina dawowa, kamar kazar da aka ɗauke wa 'ya'ya. Da na iya goya shi da na goya. A wajen rumbu ya tsaya ya huta. Ban taɓa sanin bayan gidanmu yana da tsawo haka ba.

Muka kai ɓarakar. Na matsa masa ya sa ido.

Buba ya sauka bakin ruwa, ya tsuguna, yana cuɗa hannayensa da yashi yana ɗaurayewa.

Baba ya daɗe yana kallo.

"Na ga mutum yana wanke hannu," ya ce. "Wanda ya ci yana wankewa, Barira. Wanda ya zubar ma yana wankewa."

Ya juya, yana dogara sanda, ya koma wajen baƙinsa.

Ni kuwa na riƙe dangar da hannu biyu. Buba ya miƙe, ya saɓa sandarsa a kafaɗa, ya bi sawun shanu. Bai waiwayo ba, don bai san akwai mai kallonsa ba. Da ruwan farko suka yi gabas.